Rubutu a Kan Bakan Ƙofa

Auta ta san aikin ya ɓaci tun kafin Dogo ya gama yaye takardar da ke rufe da haruffan.

Tana tsaye a ɗaya gefen titi, ta kare rana da tafin hannu, tana kallon rubutun da ta yi kwana biyu tana shiryawa a kwamfuta. GIDAN LITTAFI DA ALƘALAMI. Shuɗi mai duhu a kan farin bango, ya bi saman ƙofar shagon, wadda aka gina a lanƙwashe kamar baka. A kwamfuta ya yi kyau har sai da ta ɗauki hotonsa a waya. A bango kuwa, haruffan hagu sun kwanto a leɓen ƙofar kamar za su zame ciki, na dama sun ɗaga kai sama kamar sun yi fushi da ita. Kalmar ƙarshe ta yi nisa da bakan har mutum ya iya shimfiɗa hannu a tsakani.

"Injiniya!" in ji Dogo daga saman tsani, da sunan da yake kiranta. "Ni daga nan ban ga laifinsu ba. Daga can fa?"

"Sauko, Dogo."

"To, ba kyau ke nan."

Dogo shi ne mai manna aiki a shagon buga takardu da sitika inda Auta take zane. Shekara ashirin yana hawa bangon mutane, furfura ta fara yi masa sallama, amma bakinsa bai tsufa ba. Ya sauko, ya tsallako titi, ya tsaya kusa da ita, ya karkata kai hagu, ya karkata dama.

"Ni dai inda kika ce in sa, nan na sa," ya ce. "Amma in mutum ya karkatar da wuya haka, wallahi daidai suke."

Mai littattafai ya fito daga ciki yana goge tabarau da gefen riga. Shi ya gaji shagon daga mahaifinsa, kuma tun da ya karɓa yake gyare-gyare: sababbin kantoci, sabon daɓe, sabon fenti. Mutum ne mai son komai a miƙe. Ya mayar da tabarau, ya duba sama, bai daɗe yana dubawa ba.

"Malama, tun farko na gaya miki. Allo miƙaƙƙe mai fitila, a kafa shi a nan ya rufe wannan lanƙwasar, kowa ya huta. Mai allon ya ce in na kira shi ranar Asabar, Litinin zai kawo."

"A ba ni zuwa Asabar ɗin, Yallaɓai."

"Ba don na raina aikinki ba ne."

"Na sani. Zuwa Asabar kawai."

Ya dube ta, ya ga yadda idanunta suka kaɗa, ya kau da kai. "Asabar da safe," ya ce. "In bai zauna ba, kada ki ga laifina."

Abin da ya sa idanun suka kaɗa, ya sani. Shekara talatin da huɗu da suka wuce, mahaifin Auta ne ya rubuta waɗannan kalmomi a wannan baka da buroshi da fenti. A zamaninsa babu titin da za ka bi ba ka ga hannunsa ba: kantin magani, shagon aski, gefen motocin kaya. Ɗaya bayan ɗaya aka goge su, aka rushe wasu, aka rufe wasu da alluna masu walƙiya. Wannan kaɗai ya rage. Tun tana 'yar makaranta, duk lokacin da suka biyo ta nan, sai Auta ta rage tafiya ta karanta shi a ranta, harafi bayan harafi, kamar wasiƙar da aka rubuto mata ita kaɗai. Mako biyu da suka wuce ta leƙo ta tagar bas ta ga farin bango fes, masu fenti suna wanke buroshi a bokiti. Ta sauka a tashar da ba tata ba, ta shiga shagon, ta roƙi mai littattafai ya bar rubutun ya dawo yadda yake, a lanƙwashe, ita za ta yi. Baba bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Idanunsa sun yi yana, hannunsa na rawa, ba ya zuwa wannan unguwa. Ta so ne ta gama, in ya ji labari ya ji shi da daɗi.

Dogo ya ɗaye haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya dunƙule su a hannu. Ba ta kalla ba.

Da suka koma wurin aiki, ta zauna gaban kwamfuta ta buɗe zanen. Ba ta ga inda ta yi kuskure ba. Ta auna faɗin ƙofar, ta auna tsawon bakan, ta ba manhaja, manhaja ta zana mata rabin da'ira mai santsi babu ko tangarɗa. Ta ɗora rubutu a kan layin, haruffan suka hau suka jeru, kowanne ya kafa ƙafa a layi ya miƙe kai waje, kamar 'yan makaranta da aka tsayar a gefen tudu za a ɗauke su hoto. Ta sa shi a tsakiya cif. Me ya rage?

Ta ɗauko hotunan ƙofar da ke wayarta, ta ce bari ta bi bakan na gaskiya da alƙalamin manhaja. Hoton farko ta ɗauke shi daga ƙasa tana kallon sama, bakan ya fito a taushe. Na biyu ta ɗan tsaya gefe, ya fito ya karkata. Na uku ya zo da nasa salon. Hoto uku, baka uku. Ta jingina da kujera ta rufe fuska.

Mai shagonsu ya leƙo ya ce shuɗin sitikar nan saura na yanka ɗaya, irinsa ya yanke a kasuwa. Ya faɗa ya wuce.

Dogo yana zaune a kan kwali yana kankare gam daga yatsunsa. "Ni abin da ke ba ni mamaki," ya ce, kamar da yatsun yake magana, "mutum yana da mai wannan aiki a gida, yana zaune yana shan shayi, amma ya zo nan yana kokawa da maus ɗin kwamfuta."

"Bai san an goge ba."

"To ai bango ba ya ɓuya, Injiniya. Wani zai gaya masa, kuma ba zai gaya masa da irin muryarki ba."

Da la'asar ta iske Baba a baranda, rediyo a kan cinya, kofin shayi a ƙasa inda ƙafarsa ta san wurinsa. Umma tana gefe tana ninke wanki. Auta ta gaishe su, ta zauna a kan matakala, ta ɗauki wata riga tana taya ninki. Ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa.

"Wannan rigar me ta yi miki?" in ji Umma.

Sai ta faɗa. Ta faɗi bas ɗin, da masu fentin, da allo mai fitila, da haruffan da suka ƙi zama, da Asabar. Da ta gama ba ta iya ɗaga kai ba. Ta shirya wa shirun da zai biyo baya, irin shirun da ke cika gida ya hana kowa motsi.

Baba ya rage muryar rediyo. "Wane irin fenti suka sa?"

"Fari, Baba."

"Na ruwa ko na mai?"

"Na mai, ina jin."

"To madalla, sitika za ta kama." Ya laluba ya ɗauki kofinsa. "An dai rufa wa G ɗin nan asiri. Shekara talatin da huɗu tana tsaye da tumbi a gaban jama'a. Duk ranar da na wuce sai na ji kunya."

Auta ta ɗago. Dariya da kuka suka zo mata tare, ta rasa wanda za ta ba hanya.

"Ai dole ta yi tumbi," in ji Umma, ba ta daina ninki ba. "Mutum yana kan tsani, buroshi yana bango, ido yana cikin shago."

"Kin fara ko?"

"Ƙarya na yi, Malam? Auta, aikin kwana biyu fa. Babanki kwana tara ya yi a ƙofar nan. Ni ina ciki ina jera littattafai, tsohon mai shagon yana ta tambaya, wai wannan mai fentin ko da allura yake rubutu? Yau ya ce fenti bai bushe ba. Gobe ya ce rana ta yi yawa. Jibi ya shigo neman ruwan sha, alhali ga gorarsa cike a rataye a tsani."

"Ruwan gorar ya yi zafi."

"Sau shida a yini?"

Auta ta sha jin cewa a shagon littattafai suka haɗu, amma ba ta taɓa jin kwana taran ba. Ta dubi mahaifinta, wannan tsoho mai rawar hannu, ta hango shi saurayi a saman tsani yana jan harafi ɗaya tun safe har azahar don kada aiki ya ƙare. Duk littattafan soyayyar da ta karanta a ɓoye cikin littafin lissafi, babu wanda ya taɓa sa ƙirjinta ya yi irin wannan ɗumi.

Baba ya gyara murya, alamar a bar wannan zance. "Kin auna ƙofar?"

"Na auna. Faɗi da tsawo."

"Kin taɓa ta?"

"Taɓawa kuma?"

"Kin hau kin bi bakan da hannunki?"

"A'a, Baba."

"To shi ne. Ke kin rubuta wa ƙofar da ke cikin na'urarki, ba wadda ke titi ba. Maginin da ya yi bakan nan, gefen hagu ya yi shi da safe da ƙarfinsa, gefen dama kuma bayan ya ci ya ƙoshi. Dama ta fi kumburi. Kuma akwai wani ƙulli kaɗan bayan tsakiya, inda hannun safe ya haɗu da hannun rana. Ido ba ya ganinsa sai an sa harafi a kai."

"To yaya zan shigar da shi kwamfuta? Hoto yana yi mini ƙarya."

"Kada ki kai ido wurin bango. Sauko da bangon ƙasa." Ya juya wajen Umma. "Takardun nan masu kauri na naɗe kaya, suna nan bayan kabad?"

"Waɗanda na ce a zubar tun bara, ka hana? Suna nan."

Washegari da hantsi su uku suka tsaya a ƙofar shagon. Auta ta riƙo hannun Baba daga mota, amma da ƙafarsa ta taɓa dakalin, sai ya zare hannun. Ya shafa gefen ƙofar kamar mai gaida tsohon aboki. Dogo ya hau tsani ya lulluɓe saman ƙofar da takardu, ya haɗa su da salatef, baki da baki. Baba ya ciro guntun gawayi daga aljihu ya miƙa sama.

"Ba da tsini ba, da gefe. Ka danna takardar a leɓen bakan, ka goga a hankali. Bango zai rubuta kansa."

"Baba, ashe haka kuke shan wahala a da?"

"Wahala ita ce a yi aiki sau biyu, Dogo."

"Injiniya, da ke ake."

Baƙin layi ya fara fitowa a takardar, daga hagu ya hau, ya kai ƙololuwa, ya fara gangara. Nan Dogo ya tsaya. Ya sake shafa wurin da yatsa.

"Kai! Ga shi kuwa. Kamar gwiwar hannu."

"Sa masa alama," in ji Baba, murmushi ya cika masa fuska. "Yana nan ashe. Na ɗauka masu gyara sun cinye shi."

Suka naɗe takardar suka tafi da ita wurin aiki. Auta ta shimfiɗa ta a ƙasa, ta danne gefunan da kwalayen tawada, ta ajiye doguwar rula a kai don ta san girma. Ta hau matakalar bene, ta miƙa waya saitin tsakiyar takardar, ta ɗauki hoto daga sama kai tsaye. Wannan karon babu kallon sama, babu tsayuwar gefe. Bakan ya shigo kwamfuta da kumburinsa da ƙullinsa, kamar yadda magini ya bar shi.

Ta jawo wa Baba kujera kusa da tata. Rabonsa da shiga irin wannan shago tun da injinan yanka sitika suka zo gari, aiki ya daina zuwa ƙofarsa. Ya zauna a ɗarare, hannuwa a kan gwiwa, kamar baƙo a ɗakin jiran likita.

"Me kike yi yanzu? Ki riƙa faɗa, ni hazo kawai nake gani."

"Ina bin layin gawayin ne. Ina sa ɗigo a nan, in sa wani a can. Kowane ɗigo yana da 'yan hannaye biyu, in na ja su sai layin ya lanƙwasa."

"Ɗigo nawa kika sa?"

"Goma sha biyu."

"Sun yi yawa. Mu ƙusa biyar muke bugawa mu zagaya zare. In ƙusoshi suka yi yawa, layi rawa yake yi."

Ta goge, ta bar biyar, ta ja hannayensu har layin ya kwanta a kan gawayin. Gaskiyarsa ne, ya fi santsi. Ta ɗaga layin sama kaɗan don haruffa su sami wurin tsayawa, ta ɗora rubutun. Garin ja da shi zuwa tsakiya, hannunta ya zarce ya tsallaka layin, sai duk haruffan suka kife suka koma ciki, kai a ƙasa.

"Me ya faru? Na ga duhun ya faɗo."

"Sun juya ne, Baba. In ka ja su ƙetaren layi, sai su rataye ta ciki."

"Kamar jemagu." Ya yi dariya har da tari. "Da ni na yi wannan kuskure, sai in kankare bango kwana biyu. Ke fa?"

Ta danna maɓalli biyu, suka miƙe.

"To," ya ce a hankali, "wannan kam ba laifi."

Ta sa rubutun a tsakiya cif, ta ƙara girman hoton. Nan ta ga abin da yake nufi. Ƙafar A ta kalmar DA ta sauka daidai kan ƙullin, harafin ya karkace kamar wanda ya taka dutse. Ta gwada juya shi shi kaɗai, sai ya yi wa maƙwabcinsa karo.

"Bar shi," in ji Baba. "Ba laifinsa ba ne. Ba a tsayar da harafi a kan ƙulli. Tura rubutun duka hagu, har ƙullin ya faɗa a filin da ke tsakanin DA da kalmar ƙarshe. Inda babu harafi, babu mai karkacewa."

"Amma zai bar tsakiya."

"Zai bari."

"Mutumin nan fa komai a miƙe yake so, Baba. In ya gane..."

"Yatsa uku ne. Haka na yi wancan karon, mahaifinsa ya wuce ta ƙarƙashinsa shekara talatin bai taɓa cewa komai ba. Tura."

Ta kama farkon rubutun ta ja. Haruffan suka zame a kan layin gaba ɗaya kamar ƙwallayen carbi a zare, A ta sauka daga kan ƙullin ta miƙe tsaye.

Daga nan Baba ya ce ta tura masa kujera baya, har ya kusa kai bango. Ta ce ai daga can ba zai ga komai ba. Ya ce shi ya sa. A da, in zai duba tazarar haruffa, sai ya ja baya ya runtse ido har rubutu ya daina karantuwa, ya zama duhu da haske kawai. Yanzu idon ya hutar da shi runtsewa.

"Can hagu, kusa da sama, duhu ya taru."

T biyun LITTAFI ne, kawunansu sun kusa haɗewa. Ta buɗa su kaɗan.

"Dama kuma akwai rami. Haske ya yi yawa."

Tsakanin L da A ne. Ta matso da su.

"Sauran na daman, ki ba su iska kaɗan-kaɗan, su ci wani abu daga filin da muka bari."

Haka suka yi ta yi har rana ta karkata: shi yana faɗin duhu da haske, ita tana nemo harafin. Wani lokaci su yi gardama, ta ce lissafin manhaja ya ce daidai ne, ya ce manhaja ba ta taɓa tsayawa a titi ba. Sau ɗaya ita ta yi nasara, ya ce to, a bar mata. Dogo ya kawo musu shayi ya tsaya a bayansu, karo na farko a tarihinsa bai ce uffan ba. Da injin ya fara yanka shuɗin ƙarshe, yana 'yar ƙararsa, Baba ya sa kunne kamar mai sauraron labarai.

Ranar Asabar da safe Umma ma ta ce sai ta zo, wai tana son ganin sababbin kantocin. Dogo ya manna, ya goge da kyau, ya kama gefen takardar sama ya fara yayewa a hankali. Auta tana tsallaken titi, hannunta cikin na Umma, ta matse shi har Umma ta ce, "Ke, yatsun nan ina da sauran aiki da su."

Haruffan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Sun bi bakan kamar tare aka gina su. Inda ya kumbura sun kumbura, inda ya sauka sun sauka, tazararsu da leɓen ƙofar ɗaya ce tun daga G har I ta ƙarshe.

Mai littattafai ya fito. Bai tsallako ba, ya tsaya a ƙarƙashin ƙofar ya ɗaga kai. Sannan ya ce Dogo ya ara masa tef ɗin awo. Ya hau tsani taki uku, ya auna daga ƙasan G zuwa gindin bakan. Ya sa aka matsar da tsanin, ya auna ɗaya gefen.

"Malama," ya kira ta. "Ba a tsakiya yake ba. Santimita shida ya fi sauka ta hagu."

Ta dubi Baba. Baba yana tsaye da sandarsa, fuskarsa na kallon wani wuri daban, kamar bai ji ba. Ta gane ita ya bar wa amsar. Ta tsallaka titi ita kaɗai.

"Haka ne, Yallaɓai. Da gangan na yi."

"Da gangan?"

"Ƙofar ce ba daidai ba. Akwai ƙulli a sama, in rubutun ya zauna a tsakiya, harafi ɗaya zai taka shi ya karkace, kowa ya gani. Yanzu babu mai gani sai mai tef." Ta nuna ɗaya gefen titi. "Don Allah ka zo mu tsallaka. Masu sayen littafi daga can suke fara ganin shagon. In ka duba daga can ka ce a karkace yake, ni da kaina zan ɗaye shi."

Ya miƙa wa Dogo tef ɗin, ya bi ta. Suka jira wata motar kaya ta wuce, suka tsallaka. Ya gaida Baba da Umma da ladabi, ya juya ya fuskanci shagonsa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya matsa hagu taki biyu. Ya dawo. Wata mata mai tura keken jariri ta zo wucewa, ta ɗaga kai ta karanta a fili, ta ci gaba da tafiyarta.

"Abin haushi," ya ce daga ƙarshe, "na san a karkace yake, amma na kasa ganin karkatar."

Ya juyo wajen Baba.

"Baba, na da ma haka yake?"

"Na da ya fi wannan karkata," in ji Baba. "Ita tana da hankali, ta rage."

Mai littattafai ya yi 'yar dariya ta hanci, ya girgiza kai. Ya ciro waya ya koma gefe. Suna jin sa yana cewa, "E, ni ne. Maganar allon nan, a bar shi. A'a, ba wani na ba ba. Ƙofar ce ta ƙi."

Umma ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce ƙurar fenti ce. Auta ba ta nemi wani uzuri ba, ta bar nata suka zubo.

Dogo ya ƙwalo kira daga can. "Injiniya! Akwai 'yar iska da ta maƙale ƙarƙashin D ta kalmar DA, sai an huda da allura an danne. In hau, ko mai aiki za ta hau?"

Ba ta taɓa hawa tsanin Dogo ba. Ta tsallaka, ta karɓi allurar, ta tattare siket da hannu ɗaya. Dogo ya riƙe tsanin da hannu biyu yana cewa kada ta kalli ƙasa, in ta faɗo shi ba ruwansa, yana da iyali. Ta hau taki ɗaya, biyu, har bakwai. Daga nan haruffan manya ne, sun fi tafin hannunta, ba sa karantuwa. Ta huda kumfar, ta danne da babban yatsa har ta kwanta.

Kafin ta sauko, ta kai hannu filin da ke bayan DA, ta shafa leɓen bakan. Siminti mai sanyi, mai santsi, sannan ga shi nan ƙarƙashin yatsunta, ɗan tudu kamar gwiwar hannu.

"Baba!" ta kira, ba ta damu da masu wucewa ba. "Na taɓa shi!"

"To riƙe tsani da ɗaya hannun," in ji shi daga tsallaken titi.